Yadda ake saita ƙimomin kanel na Linux su zauna daram ko bayan an sake kunna na'ura

Akwai wata saba da nake kula da ita, ta yi watanni tana aiki lafiya lau, sai ranar da aka kashe ta don a ƙara mata RAM. Da aka kunna, komai ya tashi ban da Elasticsearch, wata manhajar binciken bayanai. Saƙon da ya bari gajere ne: vm.max_map_count yana kan 65530, shi kuma ba zai tashi ba sai an kai shi 262144 aƙalla. Na daɗe ina kallon lambar nan, domin na san da hannuna na ɗaga ta ranar da na girka manhajar. Na ɗaga ta kuwa, amma a cikin kanel mai gudana kawai na rubuta, ban ajiye ta a wani fayil ba. Ana kashe na'urar, abin da na rubuta ya bi iska. Tun daga ranar, ba na cewa na gama saita komai sai na sake kunna na'ura na ga lambar ta dawo da kanta, kuma na san takamaiman fayil ɗin da ya dawo da ita.

Kanel shi ne sashen tsarin aikin kwamfuta da ke tsaye tsakanin manhajoji da ƙarafan na'ura. Shi ke raba RAM, shi ke yanke wace manhaja za ta samu furosesa yanzu, shi ke karɓar fakitin intanet ya tura shi inda ya dace. Waɗanda suka rubuta shi sun bar ɗaruruwan saiti a buɗe, a wasu na'urorin ma sun haura dubu, kowanne da ƙimar asali da aka zaɓa don ta yi wa mafi yawan mutane daidai. Na'urarka kuwa ba lallai ta zama irin ta mafi yawan mutane ba.

Inda saitin suke zaune

Duk suna ƙarƙashin /proc/sys. Idan ka leƙa za ka ga kamar folda da fayiloli, amma babu ko ɗaya a kan faifai. Taga ce kanel ya buɗe maka: ka karanta fayil, ya faɗa maka ƙimar da yake aiki da ita a wannan daƙiƙar, ka rubuta a ciki, ya canza hali nan take. Shi ya sa komai ke gogewa idan an kashe wuta.

Umarnin sysctl hanya ce mai sauƙi ta shiga wannan taga. Sunan ya samo asali ne daga 4.4BSD, a Linux kuma yana zuwa cikin ƙunshin procps. Dokar sunayen ɗaya ce: cire /proc/sys/ daga gaba, ka mai da kowane / ya zama ɗigo. Saboda haka /proc/sys/vm/swappiness shi ne vm.swappiness, /proc/sys/net/ipv4/ip_forward kuma shi ne net.ipv4.ip_forward. Kalmar farko tana gaya maka dangin saitin: vm na ƙwaƙwalwa ne, net na sadarwa, fs na fayiloli, kernel kuma na sauran al'amuran kanel ɗin kansa.

Fara da karantawa, ka ajiye hoton yadda ka tarar

Kafin ka taɓa komai, duba sigar kanel ɗinka da ƙimar da ke kai yanzu:

```
uname -r
sysctl vm.swappiness
```

Sigar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ƙimomin asali suna canzawa. net.core.somaxconn ya shekara da shekaru yana kan 128, sai a Linux 5.4 na ƙarshen 2019 aka mai da shi 4096. Wanda ya karanta tsohuwar shawara cewa a ɗaga shi zuwa 1024 ya bi ta a sabon kanel, rage shi ya yi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu yana ganin ƙari ya yi.

Sai ka ɗauki hoton duka saitin:

```
sudo sysctl -a > ~/sysctl-kafin.txt
```

Wannan fayil na dubawa ne kawai. Kada wata rana ka ɗauke shi dungurungum ka mayar wa kanel, domin a cikinsa akwai ƙimomin da karantawa kaɗai ake yi, kamar fs.file-nr, da waɗanda ke canzawa da kansu kowane lokaci, kamar kernel.random.uuid. Amfaninsa shi ne idan abu ya lalace ka san lambar da za ka koma.

Idan ba ka tuna cikakken suna ba, tace da grep: `sysctl -a | grep dirty`. Ma'anar kowane saiti kuma tana cikin takardun kanel ɗin kansa, a foldar Documentation/admin-guide/sysctl, na sadarwa kuma a takardar ip-sysctl. Ka karanta sakin layin da ya shafi saitin da za ka taɓa. Minti biyu ne, kuma ni dai ba na saka layin da ba zan iya bayyana shi da bakina ba.

Gwaji na wucin gadi

```
sudo sysctl -w vm.swappiness=10
```

Ya fara aiki nan take. Kula cewa a nan babu sarari a gefen alamar daidai. Ana iya rubutawa kai tsaye cikin /proc/sys, sai dai akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa sau ɗaya: `sudo echo 10 > /proc/sys/vm/swappiness` ba zai yi ba, zai ce ba ka da izini. Dalili shi ne sudo ya ɗaukaka echo ne kawai, amma alamar > taminal ɗinka ce ke aiwatar da ita da ƙaramin ikonka. Gyaran shi ne `echo 10 | sudo tee /proc/sys/vm/swappiness`.

Wannan mataki alheri ne babba, domin idan ka yi kuskure, sake kunnawa zai wanke shi. Canza abu ɗaya tak, ka bar na'ura ta ɗauki irin nauyin da ya sa ka zo gyara tun farko, ka auna. Idan ka canza guda goma lokaci guda abu ya gyaru, ba ka san wanne ya gyara ba. Idan ya ɓaci, ba ka san wanne za ka cire ba. Idan kuma ta SSH, hanyar buɗe taminal ta intanet, kake shiga sabar da ke nesa kuma saitin na dangin net ne, ka tabbatar kana da wata ƙofar shiga, kamar allon gaggawa da masu ba da hayar saba ke bayarwa, kafin ka danna.

Rubuta shi a fayil

Idan gwaji ya gamsar da kai, ƙirƙiri fayil naka a /etc/sysctl.d:

```
sudo nano /etc/sysctl.d/90-gida.conf
```

A ciki, layi ɗaya ga kowane saiti:

```
# Elasticsearch ba ya tashi idan ƙasa da wannan ne. Asali: 65530
vm.max_map_count = 262144

# Rage saurin tura shafukan manhaja zuwa swap, wurin da ake juye rarar RAM a faifai. Asali: 60
vm.swappiness = 10
```

Sunan fayil dole ya ƙare da .conf, in ba haka ba ba za a ko kalle shi ba. Bayani yana farawa da alamar # ko ta ; a farkon layi. Kuma a ba shi layinsa daban, domin duk abin da ya biyo bayan alamar daidai ana ɗaukarsa a matsayin ƙima. Ina roƙonka kada ka yi ƙyuyar rubuta dalili da ƙimar asali a saman kowane layi. Bayan shekara biyu, kai ko wanda ya gaje ka zai buɗe fayil ɗin nan yana tambayar ko layin yana da sauran amfani, kuma wannan bayanin ne kaɗai zai amsa masa.

Wane fayil ke cin nasara

Nan ne ya kamata a zauna a natsu, domin mafi yawan ruɗanin daga nan yake fitowa.

A yawancin nau'o'in Linux na yau, wanda ke loda saitin lokacin tashi shi ne systemd-sysctl, wani sashe na systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin na'ura. Yana tattara fayiloli daga /etc/sysctl.d, da /run/sysctl.d, da /usr/local/lib/sysctl.d, da /usr/lib/sysctl.d. Ta ƙarshen ta masu haɗa nau'in Linux ɗin ce da manhajojin da ka girka. Kada ka gyara komai a can, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe aikinka. Taka ita ce ta /etc.

Dokoki biyu ke aiki. Ta farko: idan fayiloli biyu suna da suna iri ɗaya sak a folda daban-daban, na /etc ne ake ɗauka, a watsar da ɗayan gaba ɗayansa, har da layukan da kai ba ka maimaita ba. Ta biyu: bayan haka sai a zuba duk fayilolin wuri ɗaya, ba tare da kula da foldar da kowanne ya fito ba, a jera su bisa haruffan sunansu, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan saiti ɗaya ya bayyana a wuri biyu, na ƙarshe a jerin ne ke zama.

Ma'anar wannan ita ce kasancewar fayil ɗinka a /etc bai isa ya ba shi nasara ba. Idan ka sa masa suna 10-gida.conf, kuma akwai /usr/lib/sysctl.d/50-default.conf mai saiti iri ɗaya, na 50 ne zai danne naka. Shi ya sa na zaɓi 90. Kuma jerin na haruffa ne, ba na lissafi ba. Na taɓa ganin wanda ya sa wa fayil suna 100-karshe.conf da nufin ya zo bayan kowa. Da yake harafin farko 1 ne, sai ya faɗo tun kafin 20, kusan a sahun gaba. Ka tsaya a lamba biyu da karan ɗori.

Sai maganar /etc/sysctl.conf, tsohon fayil ɗin da tsofaffin bayanai duk ke aika mutum gare shi. Tun siga ta 207 a 2013, systemd ya daina karanta shi da kansa. Nau'o'i da dama sun rufa asiri ta hanyar ajiye mahaɗi mai suna 99-sysctl.conf a /etc/sysctl.d da ke nuna shi, saboda haka ya ci gaba da aiki, har ma yana danne fayil ɗinka na 90. Debian 13 da ya fito a 2025 ya daina wannan rufin asirin. Duba naka:

```
ls -l /etc/sysctl.d/
```

Abin da ya sa wannan ke yaudara shi ne umarnin `sysctl --system` na procps yana karanta /etc/sysctl.conf a ƙarshe, ko da mahaɗi ko babu. Sai mutum ya rubuta a tsohon fayil, ya buga umarnin, ya ga ƙima ta canza, hankalinsa ya kwanta. Ranar da aka sake kunnawa, systemd ya bi tasa hanyar, bai ko san da fayil ɗin ba. Mafita ita ce ka kwashe layukanka daga can ka mai da su /etc/sysctl.d.

Don ganin dukan abin da za a loda bisa jerin da za a bi:

```
systemd-analyze cat-config sysctl.d
```

Don neman duk wanda ke taɓa saiti guda:

```
grep -r swappiness /etc/sysctl.conf /etc/sysctl.d /run/sysctl.d /usr/lib/sysctl.d
```

Idan kana son kashe wani fayil na /usr/lib ɗungurungum, yi mahaɗi mai sunansa a /etc/sysctl.d da ke nuna /dev/null. Ba kasafai ake buƙatar haka ba. Danne layi ɗaya ya fi aminci.

Loda shi, sannan ka sake kunnawa

```
sudo systemctl restart systemd-sysctl
sysctl vm.max_map_count vm.swappiness
```

Na fi son wannan a kan `sysctl --system` saboda hanya ɗaya yake bi da ta lokacin tashi. Idan fayil ɗaya kawai kake son lodawa, `sudo sysctl -p /etc/sysctl.d/90-gida.conf` ya wadatar. Idan an sami kuskure, `journalctl -b -u systemd-sysctl` zai nuna layin da ya ƙi.

Sannan ka sake kunna na'urar, a lokacin da ka zaɓa da kanka, kana zaune a gabanta. Na san akwai sabar da kashe ta yake da wuya, amma ko ba daɗe ko ba jima za ta mutu ta tashi, kuma gara ta yi haka da rana kana kallo.

Ka riƙe wannan ma: goge layi daga fayil ba ya mayar da ƙimar asali a kanel mai gudana. Fayil ɗin umarnin rubutawa ne kawai. Idan babu layin, ba a rubuta komai, tsohuwar lambarka tana nan. Sai ka mayar da ita da `sysctl -w`, ko ka sake kunnawa.

Idan an sake kunnawa ƙima ba ta zauna ba

Abu na farko da zan duba shi ne ko saitin na wani modul ne, wato ƙarin sashen kanel da ake lodawa daban, da ba a loda ba tukuna. Wasu fayilolin /proc/sys ba sa wanzuwa sai modul ɗinsu ya shiga kanel. Sanannen misali shi ne net.bridge.bridge-nf-call-iptables da masu girka Kubernetes ke haɗuwa da shi: idan br_netfilter bai shiga ba, sysctl zai ce babu wannan fayil. Haka net.netfilter.nf_conntrack_max yake da nf_conntrack. Maganin shi ne a sa a loda modul ɗin da wuri:

```
echo br_netfilter | sudo tee /etc/modules-load.d/br_netfilter.conf
```

An tsara systemd-sysctl ya jira mai loda modul ya gama kafin ya fara, don haka jerin zai daidaita. Idan kuwa fayil ɗaya kake rarrabawa ga na'urori da yawa, wasu na da saitin wasu babu, sa karan ɗori a gaban sunan, kamar `-net.bridge.bridge-nf-call-iptables = 1`, sai a wuce shi shiru idan ya ƙi.

Na biyu, wata manhaja ce ke zuwa daga baya ta rubuta nata. Docker yana kunna net.ipv4.ip_forward da kansa idan ya tashi. TuneD, wanda ake yawan samu a dangin Red Hat, yana da nasa jerin saitin a kowane tsari da aka zaɓa. ufw na da fayil ɗinsa a /etc/ufw/sysctl.conf da yake lodawa idan aka kunna shi. Manhajojin da ke kula da katin sadarwa su ma suna taɓa saitin katin. Idan fayil ɗinka daidai ne, jerin ma daidai, amma lamba ta ƙi zama, nemi wanda ya zo bayanka, ka yi gyaran a wurinsa.

Na uku, bambancin all da default. A ƙarƙashin net.ipv4.conf akwai folda ga kowane katin sadarwa, sannan akwai waɗannan biyun. default shi ne abin da sabon kati zai gada idan ya bayyana nan gaba. Ba ya taɓa waɗanda suka riga suka wanzu. all kuwa ba kullum yake nufin rubuta wa kowa ba, ana haɗa shi ne da ƙimar katin, kuma yadda ake haɗawar ya bambanta daga saiti zuwa saiti. A rp_filter, mai tantance adireshin da fakiti ya fito, ana ɗaukar wadda ta fi girma tsakanin biyun, don haka sa all ya zama 0 ba zai kashe shi ba muddin katin yana kan 1 ko 2. A send_redirects ya isa ɗaya daga cikinsu ya kasance a kunne. Idan kana son tabbas, rubuta duka ukun, wato all da default da na katin, ko ka yi amfani da tauraro, `net.ipv4.conf.*.rp_filter = 2`, wanda sababbin sigogin systemd ke ganewa. Katin da sunansa ke da ɗigo, kamar eth0.100 na VLAN, sai a rubuta hanyar da / a maimakon ɗigo: `net/ipv4/conf/eth0.100/rp_filter = 2`.

Na huɗu, kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja irin Docker ke gudanar da wata manhaja a ciki. Yawancin saitin net kowace kwantena tana da nata, ana kuma ba ta su lokacin tayar da ita, misali `docker run --sysctl net.core.somaxconn=8192`. Dangin vm kuwa kanel ɗaya ake rabawa, don haka vm.max_map_count a kan uwar na'ura ake saita shi, ko da manhajar da ke buƙatarsa tana cikin kwantena.

Waɗanda aka fi taɓawa, da abin da suke yi a gaskiya

vm.swappiness shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba kason RAM ba ne da za a cika kafin a fara swap. Idan ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, kanel na da zaɓi biyu: ya zubar da kwafin fayilolin da ya ajiye a RAM don sauri, ko ya kwashe shafukan manhajoji zuwa swap. Lambar tana gaya masa yadda zai auna tsadar biyun. Asalinta 60, a 100 yana ɗaukarsu daidai wa daida, kuma 0 ba ya kashe swap. Tun Linux 5.8 ana iya kai ta 200, abin da ke da amfani ga mai swap a kan zram, wato matsattsen wuri a cikin RAM, inda swap ɗin ya fi faifai sauri nesa ba kusa ba.

vm.dirty_ratio da vm.dirty_background_ratio, masu asalin 20 da 10, su ne nake ganin sun fi cancantar a duba a na'ura mai RAM da yawa. Suna ƙayyade yawan bayanan da aka ce a rubuta amma suna jira a RAM, bisa kason ƙwaƙwalwar da ke samuwa. Ɗauka akwai gigabait 50 a sake. Kashi 20 cikin 100 gigabait 10 ke nan. Idan filashin da kake kwafa a kai yana rubuta megabait 20 a daƙiƙa, zubar da wannan tulin zai ci daƙiƙa 500, sama da minti takwas. Allo ya nuna maka kwafi ya kusa gamawa, ka zo cire filashi ya ƙi, wani lokaci sauran manhajoji ma su daskare. Gara a ba da iyaka da adadin bait:

```
vm.dirty_background_bytes = 67108864
vm.dirty_bytes = 268435456
```

Wato megabait 64 da 256. Na bait da na kaso kishiyoyi ne, ka rubuta ɗaya ɗayan ya koma 0, don haka kada ka haɗa su a fayil guda.

vm.overcommit_memory, mai ƙayyade yadda kanel ke amsa buƙatar ƙwaƙwalwa daga manhajoji, yana da ƙima uku. 0 ne asali, kanel yana ƙiyasi. 1 yana amsa kowace buƙata, shi Redis ke nema. 2 yana kafa iyaka mai tsauri: girman swap da kashi 50 cikin 100 na RAM, bisa asalin vm.overcommit_ratio. A na'urar da ba ta da swap, wannan na nufin manhajoji za su fara jin babu wuri alhali rabin RAM na zaune. Kada ka sa 2 sai ka yi wannan lissafin.

net.ipv4.ip_forward = 1 yana mai da na'ura mai tura fakitin wasu, abin da VPN da rauta ke buƙata. Canza shi yana mayar da wasu saitin IPv4 zuwa asalinsu, don haka sa shi a saman sauran layukan sadarwa. Takwaransa na IPv6 na da nasa tarkon: da zarar ka kunna net.ipv6.conf.all.forwarding, na'urar ta daina sauraron sanarwar rauta, kuma idan ta nan take samun hanyar fita, bayan ɗan lokaci IPv6 ɗinta zai yanke. Sa accept_ra ya zama 2 a katin da ke fuskantar waje.

net.core.somaxconn rufi ne kawai a kan layin haɗin da ke jiran a karɓa. Manhaja ce ke faɗin tsawon da take so, nginx misali 511 yake nema idan ba a ce masa komai ba, kuma sai an sake tayar da ita kafin ta ga sabon rufin.

Ga mai son gwada BBR, tsarin daidaita cunkoso da Google ya kawo cikin Linux 4.9 a 2016, fara duba net.ipv4.tcp_available_congestion_control, ka loda tcp_bbr idan babu shi, sannan ka sa net.ipv4.tcp_congestion_control = bbr a madadin cubic. Ana yawan haɗa shi da net.core.default_qdisc = fq.

Idan manhajar rubuta lamba ko mai daidaita fayiloli ta ce masu sa ido kan fayil sun ƙare, fs.inotify.max_user_watches ne; tsohon asalinsa 8192, daga 5.11 kuma kanel na ƙiyasta shi bisa girman RAM. A sabar da ke nesa ina sa kernel.panic = 10, don idan kanel ya faɗi ya sake tashi bayan daƙiƙa goma maimakon ya tsaya cak yana jiran hannu.

Duk jerin da ka tsinta mai ɗauke da net.ipv4.tcp_tw_recycle, ka san ya tsufa. Saitin yana yanke haɗin mutanen da ke fitowa ta bayan adireshi ɗaya, har aka cire shi gaba ɗaya a Linux 4.12 a 2017. Ganinsa ya isa ya sa ka yi shakkar sauran layukan.

Akwai kuma masu ƙofa ɗaya, idan an shiga ba fita sai an sake kunnawa: kernel.modules_disabled = 1, kernel.kexec_load_disabled = 1, da kernel.yama.ptrace_scope = 3. Na farkon ya fi haɗari a fayil, domin ana loda shi da wuri, kuma duk modul ɗin da bai shiga ba kafin lokacin, ko na katin sadarwa ne, ba zai ƙara shiga ba. Idan irin haka ta rufe ka a waje, shiga ta yanayin ceto daga GRUB, manhajar da ke loda kanel lokacin tashi, ko ta filashin girkawa, ka goge layin.

Abin da ba na sysctl ba ne

Kuskuren Too many open files yakan sa mutane su ruga su ɗaga fs.file-max, alhali galibi iyakar manhaja ɗaya ce ta cika, wadda sau da yawa take 1024. Wannan ana gyara ta da LimitNOFILE a fayil ɗin hidimar systemd, ko a /etc/security/limits.conf ga masu shiga da asusunsu. Idan iyakar na'ura gaba ɗaya ce ta cika, saƙon yana ƙarewa da in system.

Abin da ke ƙarƙashin /sys, kamar /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled, sysctl ba ya kaiwa can. Layi a /etc/tmpfiles.d mai farawa da w zai rubuta shi a kowane tashi. Wasu kuma sai a layin umarnin kanel: a gyara GRUB_CMDLINE_LINUX a /etc/default/grub, a buga update-grub a dangin Debian, ko a yi amfani da grubby a dangin Red Hat, sannan a tabbatar da `cat /proc/cmdline`. Tun 5.8 ana iya saka saitin sysctl ma a can, kamar sysctl.vm.swappiness=10, sai dai fayilolin sysctl.d na zuwa daga baya, kuma za su danne shi idan suna da saitin. A FreeBSD rabon ya fi fitowa fili: /etc/sysctl.conf ga masu canzuwa ana cikin aiki, /boot/loader.conf ga waɗanda sai kafin kanel ya tashi.

Bayan na'ura ta tashi, ɗauki hoto na biyu ka gwada da na farko:

```
sudo sysctl -a > ~/sysctl-bayan.txt
diff ~/sysctl-kafin.txt ~/sysctl-bayan.txt
```

Za ka ga 'yan layukan da ke motsi da kansu, irin su fs.file-nr da kernel.random.boot_id, ka wuce su. Sauran bambancin ya kamata ya zama layukan fayil ɗinka, da 0 ɗin da na kaso suka koma idan ka sa na bait. A sabar nan tawa, layin da na nema shi ne vm.max_map_count = 262144. Yana nan, Elasticsearch ya tashi da kansa, sai na kwafi 90-gida.conf zuwa ma'ajiyar da nake adana saitin sauran na'urorin.